Daga Kwalba Zuwa Tanki: Ribar Masu Dafa Giya a Gida a Amurka da Matsalar da Ta Biyo Baya

A watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba Amurkawa izinin dafa giya a gida don amfanin kansu: galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, 200 ga gidan da ke da baligai biyu ko fiye. Jihohin Mississippi da Alabama ba su bi sahu ba sai 2013. A shekarun farko kusan kowa a kwalba yake ɗurawa. Idan giya ta nuna, sai a ƙara mata sukari kaɗan, a ɗura, a rufe, a jira mako biyu zuwa uku yis ya cinye sukarin ya cika kwalbar da gas, wato iskar kabon. Dahuwa ɗaya ta lita 19 tana cin kwalba wajen hamsin, kuma kowace sai an wanke ta.

Wannan wahala ce ta tura mutane ga tanki, sa'a kuma ta zo musu daga inda ba su zata ba. Kamfanonin lemon kwalba sun daɗe suna kai kayansu gidajen abinci a cikin ƙananan tankunan ƙarfe ƙirar kamfanin Cornelius, masu cin lita 19 daidai. Da suka koma amfani da jakar leda a cikin kwali, sai tsofaffin tankunan suka cika kasuwa a araha. Masu dafa giya suka kwashe. Har yau ana rarrabe su da bakin da ake jona tiyo: akwai irin na Pepsi, akwai irin na Coca-Cola. Mutum ya wanke tanki ɗaya, ya jona tukunyar gas, ya sa a firji, shi ke nan.

To amma ga abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. A cikin kwalba yis aiki biyu yake yi: yana samar da gas, yana kuma cinye wani ɓangare na oksijin da ya shiga lokacin ɗuri. Wanda ya koma tanki ya sallami wannan ma'aikaci, ayyukan biyu sun dawo wuyansa. A ganina galibin koke-koken da ake ɗora wa hatsi ko tsarin dahuwa daga nan suke tasowa.

Batun gas lissafi ne tsantsa, kuma tun 1803 William Henry ya bayyana shi: yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana bin matsin da ke kanta, sanyi kuma yana ƙara mata wurin zama. Tankin da ke digiri 3 na ma'aunin Selshiyos, da matsi 12 a agogon tukunyar gas, zai ba da gas kimanin ninki biyu da rabi na yawan ruwan, wato abin da aka saba da shi a yawancin giyar Amurka. Sai dai yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu. Mai gaggawa yakan murɗa agogo zuwa 30 na kwana ɗaya ko biyu, wani ma har ya riƙa girgiza tankin. Idan ya manta ya sauke, abin da zai samu shi ne kumfa da wani yaji mai cizon harshe, domin iskar kabon idan ta narke a ruwa tana zama ɗan asid, yawanta kuma yana danne ƙamshin hatsi.

Abin mamaki, wanda ya fi yawan kukan rashin gas sau da yawa gas ɗinsa lafiya lau yake. Tiyonsa ne gajere. Giya ta fito da gudu, ta watse ta zama kumfa, iskar ta tsere, abin da ya rage a ƙasan kofi lami. Sai ya ƙara matsi, abin ya ƙara lalacewa. Maganin da aka saba shi ne siririn tiyo mai tsawon wajen mita uku, da tabbatar da cewa famfo bai fi tanki ɗumi ba. Idan kuwa tukunyar gas ce ke ƙarewa dare ɗaya, to yoyo ne, kuma kusan kullum a zoben roba yake, na murfi ko na baki. Ruwan sabulu kan tona shi. Su waɗannan robobi, idan na asali ne, sukan riƙe ƙamshin lemon da suka yi shekaru suna ɗauka, don haka masu hankali kan sauya su tun ranar saye.

Sauyin ɗanɗano ya fi wuyar sha'ani, domin ba ya komawa baya. Babban mai laifi oksijin ne. Idan aka tsiyaye giya cikin tankin da ke buɗe, ƙamshin furen hops ne ke fara dusashewa, daga baya wari irin na jiƙaƙƙen kwali ya bayyana. A da ana iya kawar da kai. Yayin giya mai hazo-hazo da ake jibga wa hops, wadda ta yi suna daga jihar Vermont, shi ya tona asirin kowa: ɗan oksijin kaɗan kan mayar da ita daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa cikin 'yan makonni. Wannan ya haifar da sabuwar al'ada ta cika tanki da ruwan kashe ƙwayoyi, a kore shi da gas, sannan a tura giya ta tiyo ba tare da ta ga sarari ba. A nan tanki ya yi wa kwalba fintinkau, amma ga wanda ya yi haƙurin bin matakan kawai.

Akwai kuma laifin gaggawa. Da yake tanki ba ya bukatar yis, mutane kan sanyaya giya kafin yis ɗin ya gama share abin da ya bari, sai a ji warin man shanu ko na ɗanyen tuffa. Wani lokaci akasin haka ne: sukari ya rage, yis ya ci gaba da aiki a ɓoye, gas ya yi ta ƙaruwa, kamar yadda robar kunun zaƙi ke kumbura idan ta kwana a zafi. Tsami da warin da suke tsayawa a kofin farko kuwa, su ragu a na biyu, daga tiyo da famfo suke, inda bakteriya ke samun mafaka. Ƙungiyar Brewers Association tana ba masu mashaya shawarar wanke tiyo duk mako biyu. A gida, inda babu mai duba kowa, sau da yawa sai wari ya tuna wa mutum.

Tanki ya kuma ɗaure mai shi da wata kasuwa da ba shi da iko a kanta. Yawancin iskar kabon da ake sayarwa rarar wasu masana'antu ce, musamman na takin zamani da na itanol. A 2018 Birtaniya ta yi ƙarancinta lokacin da masana'antun taki da dama suka tsaya gyara, a 2022 kuma gurɓatar wata babbar maɓuɓɓuga a Jackson Dome da ke Mississippi ta takura masu giya a Amurka. Don rage dogaro da wannan kasuwa, wasu masu dafawa a gida sun ɗauko tsohuwar dabarar Jamusawa: su rufe tanki tun giya ba ta gama nuna ba, su sa bawul mai sakin rarar matsi, yis ya cika ta da nasa gas. Wasu kuma sukari suke zubawa a tankin, su jira mako biyu.