Shirin Zuwa Yankari

Dajin Yankari yana Jihar Bauchi. An keɓe shi domin namun daji a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962.

In muna son ganin giwaye da ɓauna, mu tafi da rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu. Lokacin nan ciyawa ta bushe, dabbobi sukan taru a bakin kogin Gaji. Da damina kuwa ciyawa takan ɓoye su, kuɗin motarmu ya tafi a banza.

Tun kafin ranar tafiya mu kama ɗaki a masaukin Wikki, mu tanadi guzuri. Mu riƙa rufe abinci, gama birai ɓarayi ne. Kada mu shiga daji sai da jagora. Da safe ake kama fara.