Abin da Ke Sa Shafin Intanet Ya Buɗe da Wuri

Shafin intanet tarin fayiloli ne da ke ajiye a wata kwamfuta da ake kira saba. Duk wanda ya buɗe shi, sai wayarsa ta jawo waɗannan fayiloli, kuma daga datarsa ake cire kuɗin. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya fitar wa jama'a daga cibiyar CERN a 1991 rubutu ne zalla. A yau matsakaicin shafi ya haura megabait 2, kuma hotuna ne suka fi cin wuri.

Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake yakan kai megabait 3 ko fiye, alhali allon da za a kalle shi a kai bai wuce tafin hannu ba. Wanda ya san aikin yakan rage faɗinsa, ya mayar da shi tsarin WebP da Google ya fitar a 2010, sannan ya hana hotunan da ke can ƙasa sauka sai mai karatu ya gangaro wajensu. Bidiyon da ke kunna kansa kuwa ɓarnar data ce kawai. A ma'aunin Google, babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Nisa ma na da tasiri. Idan sabar tana Amurka, saƙon mai karatu a Kano ko Maraɗi sai ya ratsa wayoyin ƙarƙashin teku ya dawo. Shi ya sa ake ajiye kwafin shafi a cibiyoyin kamfanoni irin su Cloudflare, wanda ke da ɗaya a Legas.

Sai batun harshe, inda aka fi yin sakaci. Idan ba a sa tsarin UTF-8 da salon rubutu mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ ba, sai haruffan su koma ƴan akwatuna ko alamar tambaya. Larabci kuma daga dama yake farawa, don haka dole shafin da aka rubuta da shi ya juya. Idan aka rubuta kwanan wata 03/04 kuwa, Bature a Ingila zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke ya karanta 4 ga Maris. Gara a rubuta sunan watan.

Kafin a saki shafi, a gwada shi a waya mai arha, a wurin da sabis ke da rauni, ba a kwamfutar ofis mai waifai ba.