Ƙofar da kwalara ba ta iya toshewa

A kemis-kemis na Unguwar Rogo da ke Sakkwato, ƙullin ORS, wato ruwan gishiri da sukari, yana cikin mafi arhar kaya. Arhar ce ma ke sa wasu iyaye su raina shi, su nemi allura, alhali fasahar da ke bayansa ba ƙarama ba ce.

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da wata 'yar fata ta maiƙo, kaurinta bai wuce nanomita 10 ba, ma'aunin da masu bibiyar furosesar waya suka saba ji. Iskar oksijin kan ratsa fatar kai tsaye. Gishiri da sukari kuwa sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da baƙon da ta sani. Idan abu babba ne, fatar kan lanƙwasa ta haɗiye shi cikin 'yar jaka. Ta nan gubar kwalara ke shiga ƙwayoyin hanji, ta sa su yi ta fitar da gishiri, ruwa na bin sa. Babban mutum na iya rasa lita guda cikin awa ɗaya. Sakkwato na cikin jihohin da annobar 2021 ta fi taɓawa.

Sai dai akwai ƙofa ɗaya, SGLT1, da gubar ba ta lalatawa. Halinta irin na motar tasha ne: ba ta tashi sai ta cika. Sai sodiyam biyu na gishiri da gulukos ɗaya sun hallara, sannan ta shigar da su tare, ruwa ya biyo baya. Robert Crane, masani ɗan Amurka, ya bayyana wannan tsari a 1960. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da haɗin a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash da ke Indiya, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Shi ya sa awo ke da muhimmanci. Ƙullin lita ɗaya na buƙatar fiya wata biyu masu santilita 50. Idan babu ƙulli, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, don sukarinsa ya yi yawa har yana janyo ruwa zuwa cikin hanji. Yaron da ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, asibiti za a garzaya da shi, ana ɗura masa kaɗan-kaɗan a hanya idan yana iya haɗiya.