Ɗinkin ƙyallaye ya hau bango: yadda za a rataye shi ba tare da an ɓata shi ba

Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela a Nima ko Zangon Kumasi dab da sallah, ya san tarin guntayen atamfa da shadda da ake sharewa kullum da yamma. Mafi yawansu bola suke tafiya. Amma a wasu ƙasashe, irin waɗannan guntaye ne ake harhaɗawa, a sa auduga a tsakiya, a shimfiɗa wani ƙyalle a baya, a bi da allura, ya zama abin ado da ake ratayewa a bango kamar zane.

Misalin da ya fi shahara shi ne na matan Gee's Bend, wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka. Jikokin bayi ne, kuma da tsofaffin kayan aikin gona suka riƙa ɗinka barguna don maganin sanyi. A 2002 aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York. A 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki. Abin da aka ɗinka don rufa, sai ga shi mutane na biyan kuɗi su kalla.

Wannan ado ya dace da gidajenmu. Da yawa daga cikinmu ba sa son rataye hoton mai rai a falo, shi kuwa ɗinkin ƙyallaye launi ne da layi da kusurwa kawai, kamar aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga. To amma fa ƙyalle ba katako ba ne. In ka kafa masa ƙusa biyu ka rataye, nauyinsa zai ja shi ƙasa, tsakiya ta yi ciki, tsatsar ƙusa ta ci zaren. Shi ya sa masu wannan sana'a ke ɗora ƙaramin aiki a kan firam ɗin masu zane, wato katako huɗu da aka haɗa, aka ɗaure ƙyalle mai kauri a kai tamau kamar fatar ganga. Ana sayar da shi a shagunan kayan zane, kafinta ma zai iya haɗa maka katakon.

A zaɓi firam da ya ɗara aikin da kamar santimita 5 ta kowane gefe, don ido ya sami wurin hutawa. In ba a son farin ƙyallen ya fito, sai a rufe shi da yadin auduga mai launi ɗaya, baƙi ko ruwan toka ko wanda ya shiga da aikin. A fara wanke yadin a goge shi, domin sitacin kanti ya fita, kuma in zai tsuke ya tsuke tun yanzu. Wajen ɗaurewa, a kafa ƙananan ƙusoshi ta bayan katako, a fara daga tsakiyar gefe ɗaya, a ja a kafa a tsakiyar gefen da ke fuskantarsa, sannan sauran biyun. Kusurwa ita ce ƙarshe, a ninke ta kamar yadda ake ninke zanen gado.

Sai babbar magana: yadda za a haɗa aikin da firam. Nan ne mutane ke ɗauko gam, don ya fi sauri. Ai kuwa gaggawa aikin shaiɗan ce. Gam na iya ratsa ƙyalle ya bar tabo, da daɗewa ya sauya launi, kuma ranar da aka so cire aikin don a tsabtace shi ko a sauya firam, sai dai a yage. Masu kula da tsofaffin tufafi a gidajen tarihi suna da ƙa'ida guda: kada ka yi wa ƙyalle abin da ba za a iya warwarewa ba. Saboda haka allura da zare su ne hanya.

A daidaita aikin a tsakiya da ma'auni, a riƙe shi da 'yan allurai. Sai a soko allura daga bayan firam, a kama ƙyallen baya da audugar tsakiya kawai, a koma ƙasa ba tare da zaren ya fito a fuska ba. A fara da gefen sama, tunda shi ke ɗauke da nauyi, ana barin tazarar kamar santimita 3 tsakanin ɗinki da ɗinki, sannan a zagaya sauran gefuna. Kada a ja zaren da ƙarfi, in ba haka ba aikin zai tattare. Ƙyallen firam yana da tauri, don haka za a iya fara huda shi da basilla kafin a bi da allura.

Saura wurin ratayewa. Hasken rana na koɗar da launi a hankali, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa, don haka a guji bangon da ke kallon taga. A garuruwa masu laima irin su Accra da Douala, a liƙa 'yan guntayen roba a bayan kusurwoyin firam don iska ta riƙa ratsawa, kada fumfuna ta kama shi da damina. Lokacin hunturu kuwa, a riƙa kaɗe ƙura da burushi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In akwai ƙyallen da aka rina da baba, a kiyaye kada ya goga da fari, don yana zuba.

Ga tela ko matar da ke ɗinki a gida, wannan ƙofa ce ta ƙarin samu daga abin da ake zubarwa. Ga mai guntun zanen kakarsa ko wuyan rigar mahaifinsa a ƙasan akwati kuma, hanya ce ta fito da shi 'ya'ya su gani. In an ɗinka shi da zare, ranar da jika ya so sauke shi, almakashi kaɗai yake buƙata.