Jirgin Ƙasa da Kaskon Ƙosai

Duk matar da ta taɓa kafa kaskon ƙosai ta san iya tuya kaɗai ba ya kawo ciniki. Itacen da za ta hura da man da za ta zuba kusan ɗaya ne, ko mutum goma suka saya ko ɗari. Shi ya sa take neman mararraba, inda 'yan makaranta da leburori ke wucewa da ƙafa, kuma ta fito kullum da sassafe. Ta yi fashin kwana uku, masu saye sun koma wajen mai waina.

Haka jirgin fasinja yake. Kuɗin shimfiɗa dogo da kula da shi ba ya raguwa don taragu sun tafi wayam. Ita Japan, Allah ne ya ba ta mararraba: ƙasa ce mai tsaunuka, jama'a sun cunkushe a gaɓar teku, manyan birane sun jeru kan layi ɗaya. Da aka buɗe layin jirgi mai gudu na Shinkansen tsakanin Tokyo da Osaka a 1964, tafiyar kilomita 515, fasinja na nan jibge suna jira. Kamfanonin can ma ba su naɗe hannu ba. Hankyu na Osaka ya sayi filaye a gefen dogonsa, ya gina gidaje ya sayar, a 1929 kuma ya buɗe katafaren kanti a tashar Umeda. Mutum ya fito daga unguwar da kamfanin ya kafa, ya hau jirginsa, ya sauka cikin kantinsa. A ganina wannan dabara ta fi gudun jirgin tasiri, ko da yake gudun ake ta yayatawa.

Amurka kuwa ta zuba dukiyarta kan kwalta. Bayan dokar manyan tituna ta 1956, mutane suka watsu zuwa unguwannin bayan gari, kowa da motarsa. Fasinja suka ragu, kamfanoni suka riƙe dakon kaya, gwamnati ta kafa Amtrak a 1971 don ta kwashi ragowar. Yawancin dogon da Amtrak ke bi na masu dakon kaya ne, sau da yawa jirgin mutane kan raɓe ya jira na kwal ya wuce. Birni kamar Houston, sau uku a mako jirgin kowane ɓangare ke tsayawa. Wa zai tsara tafiyarsa a kan haka? Inda abin ke ci shi ne tsakanin Boston, New York da Washington, don can ne birane suka jeru kusa da juna.

A Najeriya kuwa, layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, ya samu birane biyu masu jama'a, amma tashoshinsa na Idu da Rigasa suna gefen gari. Matafiyi sai ya haɗa kuɗin tasi a nan da na Keke Napep a can kafin ya san nawa tikitin ya tsaya masa.