FASHIN BAƘI: Wace makaranta ke jiran yaran da iyayensu suka ƙaura ƙetare?

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa da Bichi, kowane rabon gado sai ya ƙara tsuke gonar gida. Shi ya sa cin rani ya daɗe yana tallafe da gidajen wannan yanki: magidanci ya tafi bayan kaka, ya dawo da faɗuwar damina. Amma idan tafiyar ta zama ƙaura da mata da yara zuwa Saudiyya, Nijar ko Ghana, zancen makaranta akan bar shi sai an sauka. A lokacin kuwa takardun da ke hannun iyaye sun riga sun yanke hukunci.

A Saudiyya, makarantun gwamnati da Larabci suke koyarwa, kuma yaro baƙo sai da iƙama, wato takardar izinin zama, ake yi masa rajista. Iyalin da ya shiga da bizar Umara ya zarce da zama ba shi da wannan takarda, don haka 'ya'yansa kan tsaya ga karatun allo na cikin unguwa, wanda ba ya ba da shaidar da wata hukuma za ta karɓa. Haihuwa a ƙasar ma ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Mai iƙamar shi ma yana da nasa nauyin: a watan Yulin 2017 aka fara karɓar harajin Riyal 100 a wata kan kowane mutum da ma'aikaci baƙo ke ɗauke da shi, ya kai Riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya Riyal 2,000 duk wata kafin a zo maganar littafi da kayan makaranta.

A Nijar, kusanci ne ke ruɗar iyaye. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram Hausa ake ciniki da ita, amma jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya, waɗanda ke rufe karatun sakandare, an gina su ne kan Faransanci. Kundin da gwamnatin soja ta amince da shi a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Sai dai sauya littattafai da horar da malamai aiki ne na shekaru. Yaron da ya yi nisa a Islamiyya zai fi samun sauƙi a makarantun da ke haɗa Larabci da Faransanci.

Ghana ce ta fi sauƙin haɗa karatu da na gida. Da Ingilishi ake koyarwa, kuma hukumar WAEC ce ke shirya jarrabawar kammala sakandare a can, kamar yadda take yi a Najeriya, Saliyo, Gambiya da Laberiya. A zangunan Kumasi da unguwar Nima ta Akara akwai makarantun da ke haɗa boko da addini.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ranar dawowa, domin zaman ƙetare kan ƙare ba shiri. Korar baƙi marasa takardu da Saudiyya ta tsananta a watan Nuwamban 2013, da yaƙin Sudan na watan Afrilun 2023 da ya sa aka kwaso ɗaliban Najeriya, sun isa misali. Yaron da ya dawo yana neman jami'a zai buƙaci lambar NIN kafin rajistar JAMB, da kiredit biyar har da Ingilishi, ko shaidar ƙetare da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance. Tantancewar ma ba tabbas ba ce: a watan Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da duba digirin Benin da Togo, bayan wakilin jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida.

Saboda haka shiri daga gida yake farawa: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, fasfo ga kowane yaro, katin rigakafi, da sakamakon zangon ƙarshe mai hatimin shugaban makaranta. Wanda aka haifa a waje kuma a yi masa rajista a ofishin jakadanci, tunda sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi zama ɗan Najeriya ta hanyar uwa ko uba.

Sauran aikin na hukuma ne. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024. Ya rage ga matasan waɗannan ƙananan hukumomi su tambayi sakatarorin ilimi da kansilolinsu: idan yarinya 'yar shekara 12 ta dawo daga Jidda da Larabci a bakinta, ba takarda a hannunta, wane aji za a sa ta, kuma wa zai koya mata Ingilishi?