Cacar Karta a Intanet: Wa Kamfanoni Ke Karewa?

A cacar karta ta poker, mai gidan caca ba ya karawa da kowa. 'Yan wasa ne ke cin kuɗin junansu, shi kuwa yana yanke la'ada a kusan kowane zubi. Masu zama a teburin iri biyu ne: ƙwararru da suka mai da abin sana'a, da masu leƙowa don nishaɗi bayan sun tashi daga aiki.

Da can ƙwararrun ne 'yan lele. Mutum ɗaya kan buɗe teburi goma ko ashirin a lokaci guda, ya wuni ya kwana yana bugawa, la'ada tana ta zuba. Kamfanin PokerStars har matsayi ya ware musu mai suna Supernova Elite, wanda ke mayar wa mai shi kaso mai tsoka na la'adar da ya biya. Ƙwararrun suna kuma da manhajar da ke tara tarihin kowane abokin karawa, ta nuna a gefen sunansa sau nawa yake ƙara kuɗi, sau nawa yake janyewa. Sabon shiga yakan zauna bai san an gama karanta shi ba.

Sai kamfanonin suka sake lissafi. Mai nishaɗi ne ke shigo da sabon kuɗi, ƙwararre kuwa kwashewa yake yi ya fita da shi. Baƙon da aka yi wa ƙarƙaf a dare ɗaya da wuya ya dawo. A 2011 kamfanin Bodog ya ɓoye sunayen 'yan wasa don kada a riƙa farautar masu rauni. A 2014 kamfanin Amaya ya sayi PokerStars a kan dala biliyan 4.9, kuma a Nuwamba 2015 aka sanar da zaftare garaɓasar manyan 'yan wasa. Ƙwararrun suka ƙaurace wa dandalin na kwana uku a farkon Disamba, kamfanin bai ko gezau ba. A 2019 kamfanin partypoker ya haramta waccan manhajar ta leƙen asirin abokan karawa.

Masu kare wannan sauyi suna cewa adalci aka yi wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma gaskiya ne an rage masa mafarauta. Amma ruwa ba ya tsami banza. Dubi Spin & Go da PokerStars ya fito da shi a 2014: mutum uku, wasa na 'yan mintoci, ƙuri'a ce ke tsayar da girman kyautar. An rage wa gwaninta tasiri, an ƙara wa sa'a, kuɗi suna ta zagayawa, la'ada tana gutsurarsu a kowane zagaye.

Ke nan mai nishaɗi ya zama saniyar tatsa da ake lallaɓawa don ta daɗe. Mai karatu, ka sani rigimar kamfani da ƙwararru duk a kan wanda zai ci kuɗin mai nishaɗin ce. Babu wanda ya taɓa neman ya tafi gida da su.